Gwaggo Mai Tari

Idan bazara ta kama, kowa a layin nan kuka yake da ita, ban da mutum ɗaya. Mai Fanka kam kasuwarsa ce ta buɗe. Tun kafin ya ɗaga ƙofar shago za ka ga an jera masa su a waje kamar layin asibiti: ta tebur, ta tsaye, ta silin da aka kwance aka ɗaure fikafikanta da igiya. Mutane ba sa tunawa da fanka sai zafi ya fara gasa su, sannan kowa ya zo yana rantsuwa tasa ce ta gaggawa.

Shi kuwa ba a sa shi gaggawa. Ɗan gajeren dattijo ne mai furfura, tabaransa ɗaure da waya a kunne ɗaya, kuma tun yana saurayi baƙin giris bai taɓa fita daga farcensa ba. Ba ya kwance fanka sai ya saurare ta. Zai jona ta, ya rufe ido, ya karkata kai, can sai ka ji ya faɗi abin da ya lalace a cikinta, ya ce, "Kafasita ce," ko "Bushin ya cinye." Abin da ya tsana a duniya shi ne fanka mai ƙara. Ko mai ita ya ce ya yarda a haka, ba zai sake ta ba sai ta yi tsit. Yakan ce fanka mai kyau ita ce wadda za ka manta tana ɗakin.

Amma akwai wata guda a ƙuryar shagon, bayan labule, da ta karya masa wannan doka. Shuɗiya ce, ta tebur, fentinta ya koɗe, ragarta a lotse. Wani ne ya kawo ta gyara tun shekarun baya, bai sake waiwayarta ba. In ka kunna ta, za ta juya wuya zuwa dama lafiya lau. In ta dawo hagu sai ta ce tak, tak, ta ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ta ja wani tari, kurrr, ta koma. Haka take wuni.

Telan da ke maƙwabtaka da shi ba ya gajiya da tsiya a kanta. "Malam, wai kai ne babban likita, amma ga mai tarin fuka a ɗakinka."

"Ba tawa ba ce," in ji Mai Fanka. "Ta Manaja ce. Je ka tambaye ta."

Manaja jikarsa ce, 'yar shekara huɗu. Uwarta ita ce autarsu, ma'aikaciyar jinya. Ita da mijinta sun sami aiki a wata ƙasa, tafiya mai nisa a mota, aikin da yau kana na safe gobe kana na dare, ga ɗaki ɗaya da aka ba su a gidan ma'aikata. Sai suka kawo yarinyar bayan yaye, suka ce 'yan watanni ne kawai kafin su zauna da gindinsu. Watannin ne suka zama shekaru. Shi da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ba su taɓa tambayar yaushe ba, don ba sa son jin amsar.

A cikin bazara aka kawo ta. Ƙurajen zafi sun feso mata wuya da baya, ga kewar uwa, yarinya ta buɗe baki ta ƙi rufewa. Inna ta goya, ta sauke, ta yi wanka, ta barbaɗa hoda, a banza. Gidan a bayan shagon yake, ƙofa ɗaya ce tsakani, don haka kukan har teburin aiki. Mai Fanka ya kwaso fankoki masu kyau ya kewaye ta da su, ko a jikinta. Ran nan da rana tsaka, tana kafaɗarsa tana tsala ihu, ya jona shuɗiyar nan da hannu ɗaya don ya ji ko akwai abin da zai cira a jikinta. Ta ce tak, tak, kurrr. Yarinya ta yi shiru, ta juyo. Ta bi ta da ido zuwa dama, ta biyo ta zuwa hagu. Kafin a jima kanta ya yi nauyi a wuyansa.

Tun daga ranar bai sake kai sukudireba kusa da fankar ba. Da Manaja ta fara magana, ita ta raɗa mata suna Gwaggo, wai don tana girgiza kai tana mita.

Sunan Manaja kuwa mutanen layi ne suka sa mata, kuma ta ci sunan. Da safe za ta fito da ɗan kamfai, wuya fari fat da hoda, ta hau bokitin fenti da aka kife mata, ta riƙe wata sukudireba da bakinta ya karye. Duk wanda ya leƙo, ko gaisuwa ce ta kawo shi, sai ta ɗaga kai ta ce, "Ku dawo gobe." In kakanta ya rufe ido yana sauraren fanka, ita ma ta rufe nata, ta karkata kai, ta ce, "Bushin ne." Komai a wurinta bushin ne. Ran da Inna ta kwanta ciwon baya ma, ta dafa ta ta ce bushin ne.

Idan rana ta take, Inna ta cika baho da ruwa a inuwar tsakar gida, ta jefa ƙanƙara guda. Manaja ta shiga tana farautarta, ta kama ta sa a baki, Inna na faɗa, "Ke, za ki yi mura," ita kuma tana dariya ruwa na bin haɓarta. Daga nan sai abinci, rabi a baki rabi a ƙasa. Daga nan sai tabarmar bayan labule. Ta kwanta ta ce, "Baba, ta da Gwaggo." Baba take ce masa. Uwarta kuwa, da take gani a fuskar waya, Maman Waya.

In an ɗauke wuta a lokacin barcin nan, aiki ya same shi. Sai ya ajiye komai, ya yagi kwali, ya zauna a gefenta yana fifita, yana juya kai dama da hagu, yana yi da baki: tak, tak, kurrr. Dattijo da furfurarsa. Wata rana Tela ya ɗaga labule ya kama shi a haka, ya yi dariya har da riƙe ciki. Mai Fanka bai fasa ba, hannu kawai ya ɗaga masa, kada ya tashe ta.

A tsakiyar bazarar bana Auta ta kira. Muryarta cike da murna. Sun sami gida mai ɗaki biyu, an daidaita mata aiki na safe kawai, kuma an karɓi yarinyar a makaranta. Suna nan tafe kafin ruwa ya sauka.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Abin da muke ta roƙo ke nan."

Da ya kashe wayar sai ya ga Inna ta juya baya tana wanke kofin da ta riga ta wanke.

Bai ce a bar masa ita ba. Ina zai fara? 'Ya ta iyayenta ce, kuma Auta ta sha kukan rabuwar nan fiye da kowa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, ya hana shi cin abinci: yarinyar za ta manta da su. Ya san shi kansa bai riƙe komai ba daga shekarunsa huɗu na farko. Za ta girma, a nuna mata hoto a ce ga kakanki, ta ce, "Allah sarki." Shi ke nan. Baho, bokitin fenti, kwali, duk su tafi kamar ba a yi ba. Wannan tunani ya fi zafin garin ƙona shi.

"Za ta tafi da Gwaggo," ya ce wa Inna. "Kullum in ta kwanta za ta gan ta. Ba za ta ga fankar nan ba tare da ta tuna shagon nan ba."

Inna ta ce, "To, Malam. Allah Ya sa."

Auta da mijinta suka iso da mota, da tsaraba, da ƙura. Manaja ta ɓuya a bayan zanen Inna tana leƙen Maman Waya, wadda ta fito daga waya ta yi ƙafafu. Auta ta durƙusa ta miƙa hannu, hawaye na zuba, yarinya ta ƙi zuwa. Sai da aka kwana biyu kafin ta yarda ta zauna a cinyarta, shi ma da alawa a hannu.

Da ya gaya wa Auta maganar fanka, ta dubi fankar. "Baba, gidan fa akwai iyakwandishan. Kuma dubi wayarta, duk ta zazzage. Kada wuta ta ja ta."

"Zan canja wayar."

Tela kuma ya zo ya ɗora nasa. "Yanzu fisabilillahi wannan za ka sa a motar surukinka? Baƙi su shigo gidan su ji tana tari, su ce wa ya ba ku wannan, a ce kakan yarinya, mai gyaran fanka? Malam, ka rufa mana asiri."

Ya yi dariya, amma maganar ta shiga.

Ana gobe tafiya, Inna da Auta suka kai Manaja kitso. Shago ya yi shiru. Ya ɗauko Gwaggo ya ɗora a tebur. Waya kawai zai canja, wallahi abin da ya yi niyya ke nan. Amma ba a canja waya sai an buɗe baya, kuma da ya buɗe sai ya ga abin da kunnensa ya daɗe da sani. Bushin, zoben da ke riƙe sandar fikafikai, ya cinye har sandar tana rawa. Giyar da ke juya wuyan ta zubar da haƙori. Giris ya bushe ya zama ƙasa. A haka ba za ta kai wata bazarar ba, koyil zai ƙone, kuma can wa zai tsaya gyaran tsohuwar fanka? Bola za su kai ta. Shi kuwa so yake ta kai yarinyar har girma, har ɗakin aurenta in da hali.

Daga nan hannunsa ya karɓi aikin, kamar yadda ya saba. Ya sa sabon bushin, ya sa sabuwar giya, ya miƙe fiffiken da ya ɗan lanƙwashe, ya buge lotsewar raga. Ya nemo shuɗin fenti irin nata sak ya fesa, ya kai ta rana. Tsofaffin kayan ya watsa a bokitin ƙarafa, kuma kamar haɗin baki, mai sayen ƙarafa ya biyo da kurarsa kafin azahar ya juye bokitin ya wuce. Da ya jona ta, ta juya dama, ta juya hagu, sumul, ko numfashinta ba ka ji. Ya ja da baya yana kallonta. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, har wani daɗi ya ji.

Inna ce ta fara shigowa. Ta tsaya a bakin labule, ta dubi fanka, ta dube shi.

"Malam, me ka yi?"

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi.

Manaja ta shigo da sabon kitso, ido ya yi ja don gajiya, ta faɗa tabarma. "Baba, ta da Gwaggo." Ya danna. Ta bi ta da ido zuwa dama, ta biyo ta zuwa hagu, ta jira. Fanka ta wuce abinta ba ta ce komai ba. Ta sake jira.

"Baba, Gwaggo ta mutu?"

"A'a, Manaja. Warkewa ta yi. Dubi yadda ta yi kyau."

"Ka ce ta yi magana."

Yarinyar ta tashi ta matsa kusa, ta shinshina fentin, ta ja da baya.

"Wannan ba Gwaggo ba ce. Ina ka kai ta?"

Ta fita cikin shago tana bin fankokin mutane ɗaya bayan ɗaya, tana leƙa bayansu, tana kiran Gwaggo. Ta duba ƙarƙashin tebur, ta duba bayan ƙofa. Sannan ta zauna a ƙasa ta fasa irin kukan da bai sake ji ba tun bazarar da aka kawo ta. Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta ture shi. Auta ce ta sunkuce ta, ta goya, ta yi ta zagaya tsakar gida da ita har ta yi barci. Ranar ce ta fara barci a bayan uwarta. Abin farin ciki ne, ya sani, amma shi sai da ya shiga bayan labule ya cire tabarau.

Da safe ya naɗe fankar a kwali ya kai bakin mota. Surukin, mutumin kirki, ya buɗe but ɗin motar yana gyara mata wuri. Manaja ta hango shuɗin ta kafar kwalin.

"Ba na so. A bar ta."

"Manaja, taki ce fa."

"Ba tawa ba ce."

Ta fara shure-shure. Auta ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baba, bar ta tukuna. Hanya da nisa, kada ta yi ta kuka. In mun zo hutu ma ɗauka."

Ya sauke kwalin. Inna ta rungume yarinyar ta ƙi saki sai da Auta ta ɓamɓare ta a hankali. Da motar ta fara tafiya, Manaja ta manna fuska a gilashi tana faɗin wani abu. Ya bi motar da ɗan gudunsa na tsufa, aka sauke gilashin.

"Baba, in Gwaggo ta dawo ka kira ni."

"Zan kira ki."

A kwanakin farko, kullum da rana sai waya ta yi ƙara. Auta ta ce, "Baba, ta ƙi barci, ta ce sai ta ji muryarka." Sai ya shiga bayan labule, ya kara wayar a baki, ya yi mata tak, tak, kurrr, har da juya kai, ko da yake ba bidiyo ba ne. Wani lokaci ta yi barci. Wani lokaci ta ce, "Kai ne, Baba. Ita ba ta dawo ba?" Ya ce tana hanya.

Ya bi sawun mai sayen ƙarafa har filin da suke tarawa. Ya wuni cikin rana yana tona tsibin ƙarfe da ya fi gidansa tsawo, yana neman giya guda mai karyayyen haƙori. Masu wurin suka ba shi ruwa, suka ce, "Baba, ka yi haƙuri, an riga an loda na makon nan."

Sai ya dawo ya zauna zai ɓata abin da ya gyara. Kai, ashe ɓatawa ma sai an iya. Ya goge haƙorin giya da zarto, ta ce ƙas maimakon tak. Ya karya wani, wuyan ya maƙale gaba ɗaya. Ya sassauta bushin, ta yi gurnani irin na injin niƙa. Shekaru ne suka cinye ƙarfen nan a hankali har ya ba da wancan sauti, shi kuma yana so ya yi shi da hannu a mako guda. Fankokin mutane suka taru a bakin ƙofa. Mutumin da bai taɓa saɓa alkawari ba ya koma cewa, "Ku dawo gobe," kuma duk sanda ya faɗa sai ya dubi bokitin fentin da ba wanda ya ɗauke daga wurinsa. Tela ya daina tsiya. Yakan leƙo ya saurara, ya ce, "Ya kusa, Malam. Amma kamar tarin ya fi haka tsawo."

Inna ba ta taɓa ce masa ai ga shi nan ba. Ita ma tana da nata. Ran nan ya gan ta ta cika baho ta ajiye a inuwa, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta juye wa shuka.

Kiran rana ya fara tsallake kwana, ya koma na ƙarshen mako. Auta ta ce, "Baba, albishirinka, ta saba. Yanzu daga makaranta sai ta ci abinci ta kwanta da kanta, ba fitina. Har ta yi ƙawaye." Ya ce madalla, Allah Ya raya. Da gaske yake, amma ranar bai iya cin abinci ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska ta sauya, aiki ya ja baya. Wata rana da hantsi ya haɗa wani tsohon bushin da ya cire a fankar wani, da giyar da ya goge a karo na barkatai, ya ɗan danna fiffike da babban yatsa. Ya jona, ya rufe ido. Dama lafiya lau. Hagu: tak, tak. Shiru kaɗan. Kurrr.

Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Tela ya tsayar da keken ɗinkinsa. Ita ce, ba ko shakka.

Da ƙyar ya iya jira lokacin tashi daga makaranta. Ya kira, ya ce wa Auta ta ba shi Manaja. Ya ji takun gudu, ya ji muryar wasu yara, ya ji numfashinta.

"Baba!"

"Manaja, saurara. Wa ya dawo?"

Ya kara wayar a jikin raga. Ya bar ta ta je dama ta dawo hagu, ta yi tarinta, ta sake zagayowa ta kuma. Sannan ya mai da wayar kunne yana murmushi, ido cike da ruwa.

"Kin ji?"

"Na ji," in ji ta. "Baba, fankarka ta lalace. Tana ƙara. Ka gyara ta mana."

Ya dubi fankar tana juya wuya.

"Baba, kana ji? Zan je wasa."

"Ina ji, Manaja. To, zan gyara. Je ki abinki."

Wayar ta katse. Inna ta koma kicin a hankali, ya ji ta rufo ƙofa. Iskar hadari ta fara kaɗa labule, garin ya yi sanyi, ba mai bukatar fanka. Shi dai ya zauna a bakin tabarmar da wayar a hannu, bai kashe ta ba.